Amanar Na'ura Ba Ta Masu Kwamfuta Kaɗai Ba Ce

Wani shugaban ƙaramar ma'aikatar ba da lamuni a Zuru ya aiko yana tambaya: idan na'ura ta tsaya, aiki ya tsaya, alhakin yana wuyan wa, shi ko yaran sashen kwamfuta?

Malam, galibin shugabanni sun ɗauki tsaron aiki daga tsayawa tamkar farillar kifaya, wadda idan wasu suka tsayu da ita ta faɗi a kan saura, alhali kuwa, idan aka yi tsinkaye, ta fi kusa da farillar aini, domin kowane sashe yana da rabon da babu mai sauke masa. A watan Satumba na 2021 Miladiyya, wato 1443 bayan Hijira, sa'ad da hukuma ta rufe layukan waya a Zamfara, wadda ke iyaka da masarautar Zuru, haka kuma ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma har bankunan Nijeriya suka shiga ƙunci, babu wani gwanin kwamfuta, komai zurfin iliminsa, da ya isa ya maido da abin da ya yanke. Waɗanda suka ci gaba da hidima su ne waɗanda tun da farko suka yanke shawarar yadda za su yi aiki ba tare da layi ba.

Wannan shawara kuwa ba ta masu na'ura ba ce. Ma'aji da magatakarda da mai kula da masu ajiya su ne suka san wane aiki ba ya jure jinkirin sa'a guda, wane ne zai iya kwana uku, da adadin bayanan da idan suka salwanta hasarar ba ta gyaruwa. Su za su faɗa a rubuce, su kuma ware kuɗinsa a kasafi, don na sha ganin shugaba yana neman tsaro irin na babban banki da kuɗin da bai isa man janareta ba. Sa'an nan wajibin masu kwamfuta ya biyo baya: kwafin bayanai a wani gini dabam, layin kamfani na biyu, batir da hasken rana, da bayyana wa shugabanni haɗari cikin harshen da za su fahimta.

Sai jarrabawa. A zaɓi yini, a kashe na'ura da gangan, a ga ko littafi da rasit za su ɗauki aikin, a kuma gwada maido da kwafin nan, domin kwafin da ba a taɓa buɗewa ba zato ne kawai. Idan kuma bayanai suka salwanta, dokar kare bayanai ta 2023 ma'aikatar kanta take tuhuma, ba yaron da ke gyara kwamfuta ba. Saboda haka, Malam, kai za ka kira zaman farko, kuma kai za ka sa hannu.