Darasi: Sa'ad da Saɓani Ya Tashi a Ƙungiyar Shawara

A shekara ta 1965, Bruce Tuckman, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya yi nazarin rubuce-rubuce 50 a kan ƙananan ƙungiyoyi, da yawansu na masu neman warkewar zuciya ne. Ya lura cewa sukan bi matakai huɗu.

Da farko akwai ɗari-ɗari: kowa yana auna maganarsa, ido yana kan mai ba da shawara. Sai mataki na biyu, inda gardama takan tashi. Wani zai ce ana cinye masa lokaci, wata ta yi shiru cikin fushi, har a soki jagoran kansa. A nan ne iyalai da yawa sukan janye ɗansu mai fama da shaye-shaye, ko gwauruwa ta daina zuwa, suna zaton taron ya lalace. Ba haka ba ne. Mutum ba ya nuna ɓacin ransa sai inda ya fara sakin jiki. Aikin jagora shi ne ya bar kowa ya faɗi damuwarsa, ya hana cin mutunci, ya kuma tuna musu alkawarin riƙe asiri.

Bayan wannan sukan daidaita a kan ƙa'idodi, sa'an nan su shiga ainihin aikin taimakon juna.

A 1977 Tuckman da Mary Ann Jensen suka ƙara mataki na biyar, wato rabuwa. Ya kamata jagora ya sanar da ranar rufewa tun da wuri, gama wanda ya yi rashi yakan ji wannan bankwana kamar sabon makoki.