Kafinta a Gida: Kayan Aiki da Yadda Za a Yi da Ƙura

Idan kana da zaure ko gareji da ba a amfani da shi, kuma kana sha'awar aikin katako, ba sai ka tara maƙudan kuɗi za ka fara ba. Abu biyu ne ke kayar da masu farawa: sayen injin da ba su buƙata, da raina ƙura.

1. Fara da kayan hannu. Zarto, guduma, kurfi biyu, tef ɗin awo, sikwaya da magagari sun isa ka haɗa benci, kanta, har da akurkin kaji. Sayi masu ƙarko ko da ɗaya bayan ɗaya ne, domin araha ba ta ado. Kuma ka riƙa wasa su, dakusasshen kurfi ya fi zamewa ya yanki mutum.

2. Inji sai aiki ya nema. Injin huda katako shi ne na farko, sai zarton lantarki na hannu. Kafin ka biya, ka tuna da janaretanka, domin inji yakan ja wuta lokacin tashi fiye da abin da aka rubuta a jikinsa.

3. Karanta jikin injin gwanjo. Kayan da aka yi don Amurka wutar 120 suke sha, tamu kuwa 230 ce. Ka jona shi kai tsaye, ya ƙone nan take.

4. Ji tsoron ƙurar da ba ka gani. Garin da ya zube ƙasa ba shi ne babban abin damuwa ba, mai laushin nan ne da ke yawo a iska bayan an kashe inji. Tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa sankara, musamman ta cikin hanci. Ƙurar iroko da obeche na tayar da asma, katakon MDF kuwa gam ɗinsa na ɗauke da sinadarin da ke sa ido da maƙogwaro zafi.

5. Sa takunkumi na gaske. Ɗaura ƙyalle ko rawani a hanci ba ya tare wannan ƙurar. Nemi mai alamar N95 ko FFP2, ka matse shi sosai a karan hanci, ka canza shi da zarar numfashi ya fara nauyi.

6. Kama ƙura tun daga bakin inji. Injina da yawa suna da ɗan bututu a baya, a nan ake jona tiyon injin zuƙe ƙura. Ka sa bokiti mai murfi a tsakaninsu: huda murfin wuri biyu, tiyon inji ya shiga ta gefe a karkace, na zuƙa ya fita ta tsakiya. Manyan diddiga za su zauna a bokitin, matatar injin zuƙa ta daɗe ba ta toshe ba, kuma a ganina wannan dabarar ta fi sayen wani sabon injin.

7. Ba iska hanya. Ajiye fanka a taga tana hurawa waje, ka bar ƙofa a buɗe. Gugar samfefa, wadda ta fi kowane aiki tayar da ƙura, a waje za ka yi ta, nesa da madafa, shanya da wurin wasan yara.

8. Yayyafa ruwa kafin shara. Busasshiyar tsintsiya mayar da ƙura sama take yi. Share kullum bayan aiki, domin tarin garin katako kusa da soket ko janareta kiran gobara ne, balle da hunturu. Diddigar katako zalla ta yi shimfiɗar kaji, amma ta MDF ko ta katakon da aka shafa wa maganin gara, kada ta je wurin dabbobi ko murhu.

Malam, idan kuɗi kaɗan gare ka a wannan watan, sayi takunkumi da fanka. Injin ya jira wata mai zuwa.