Gajiyar Ƙarfe: Darasi Daga Sakatar Bindiga

Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai mutanen da suke sayen sassan bindiga ɗaya bayan ɗaya, su harhaɗa ta da kansu a gida domin farauta ko wasan harbi. Dokar tarayya ta ƙasar ta yarda mutum ya yi wa kansa haka, ko da yake wasu jihohi sun kafa sharuɗɗa masu tsauri. A Nijeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ko mallakarta ba tare da izinin hukuma ba. Saboda haka abin da zai amfani ɗalibi a nan shi ne ilmin da ke cikin wata tambaya da masu wannan harhaɗawa suke yawan yi: idan ga sassa biyu iri ɗaya a ido, ɗaya kuma bai kai rabin kuɗin ɗayan ba, a ina aka rage kuɗin? Amsar tana cikin wani fanni na kimiyya da ake kira gajiyar ƙarfe, wanda ya shafi mota da jirgin sama, har ma da ƙashin jikin ɗan Adam.

Sakata da Gidanta

Bindigar da aka fi harhaɗawa ita ce AR-15. Asalinta daga kamfanin ArmaLite ne, bisa tsarin wani injiniya mai suna Eugene Stoner. A 1959 aka sayar wa kamfanin Colt da tsarin, daga baya sojojin Amurka suka ɗauki samfurinta na soja da sunan M16.

A cikin wannan bindiga akwai wani guntun ƙarfe da bai fi tsawon yatsa ba, wanda aikinsa daidai yake da na sakatar ƙofa. Shi ne yake kulle bayan bututun bindiga a lokacin da albarushi ya kama wuta. Wannan sakata tana da haƙora bakwai da suke shiga su maƙale a cikin bayan bututun. Tana zaune ne cikin wani dogon ƙarfe mai rami, wato gidanta, wanda yake kai ta gaba ya dawo da ita baya. Wani fegi ya ratsa jikin sakatar ya haɗa ta da gidan. Sakata da gidanta da fegin da 'yan sauran tarkacensu ana sayar da su ne a haɗe, a matsayin kaya guda.

Idan an yi harbi, wani ɓangare na gas mai zafi yakan bi wani siririn bututu ya shiga cikin gidan sakata, ya tura shi baya. Wannan motsi yakan sa fegin ya murɗa sakatar, haƙoranta su saki, ta fizgo kwanson harsashi. Kafin haka, matsin da ke cikin bututun yakan kai kimanin ninki 4,000 na matsin iskar da ke kewaye da mutum. Domin kwatance, iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta wuce ninki biyu zuwa uku ba. Haƙoran nan bakwai su ne suke tare wannan ƙarfi a kowane harbi, sau dubbai.

Yadda Ƙarfe Yake Gajiya

Mutane da yawa sun ɗauka cewa ƙarfen da ya jure wa nauyi sau ɗaya zai ci gaba da jure masa har abada. Injiniyoyin ƙarni na 19 sun gano kuskuren wannan zato bayan asarar rayuka. A watan Mayu na 1842, sandar da ke riƙe da ƙafafun wani jirgin ƙasa ta karye a kan hanyar Basai zuwa Faris a ƙasar Faransa, mutane fiye da 50 suka halaka. Bayan wasu shekaru, wani injiniyan jiragen ƙasa na Jamus mai suna August Wöhler ya shafe shekaru yana gwada irin waɗannan sanduna. Ya nuna cewa nauyin da bai isa ya karya ƙarfe a karo ɗaya ba yana iya karya shi idan aka yi ta ɗora masa ana saukewa.

Abin da ke faruwa shi ne, wata 'yar tsaga da ido ba ya gani takan fara a wani wuri mai rauni. Kowane bugu yakan ƙara mata tsawo kaɗan. Ƙarfen zai ci gaba da aiki kamar lafiya lau, har ranar da sauran ɓangaren da bai tsage ba ya kasa ɗaukar nauyin, sai ya ɓalle farat ɗaya.

Tsaga ba ta farawa ko'ina. Ta fi son kusurwa mai kaifi, da bakin rami, da gurbin da wani datti ya maƙale cikin ƙarfe tun lokacin narka shi, domin a irin waɗannan wurare ne nauyi yake taruwa. A 1954 jiragen sama biyu samfurin Comet na ƙasar Ingila sun tarwatse a sararin Bahar Rum, bincike kuma ya nuna cewa tsagar ta faro ne daga kusa da kusurwoyin ƙofofin da aka yanka a jikin jirgin. Haka nan sakatar AR-15 ta fi karyewa a wurare biyu: a bakin ramin da fegi ya ratsa, da kuma gindin haƙoran da ke kusa da ƙugiyar fizgo kwanso.

Ƙashi Ma Yana Gajiya

Ɗalibin ilmin halittu zai gane wannan cikin sauƙi. A 1855 wani likitan sojan Jamus mai suna Breithaupt ya yi bayanin kumburi da ciwon ƙafa da yake kama sojoji bayan doguwar tafiya. Daga baya hoton ƙashi ya nuna cewa ƙasusuwan tafin ƙafarsu ne suke tsagewa, alhali ba wanda ya faɗi ko aka buge shi. Yawan taku ne kawai ya jawo haka.

Sai dai Allah ya yi wa ƙashi wata baiwa. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da suke aiki a cikinsa dare da rana: wasu suna rushe wurin da ya lalace, wasu suna bin bayansu suna gina sabo. Ta haka ne ake sabunta kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙashin babban mutum a kowace shekara. Sojan da ƙafarsa ta tsage, idan ya huta na wasu makonni sai ta warke. Ƙarfe ba shi da irin waɗannan ƙwayoyi. Ko an ajiye shi shekara goma, tsagar da ke jikinsa tana nan yadda take. Wannan ne ya sa dole a yi wa ƙarfe rigakafi tun daga masana'anta, kuma a wannan rigakafi ne mai neman rage kuɗi yake samun wurin ragewa.

Inda Ake Rage Kuɗi

Na farko shi ne irin ƙarfen. Ƙa'idar sojan Amurka ta tanadi a yi sakata da wani ƙarfe mai suna Carpenter 158, gidanta kuma da wani mai lamba 8620. Kamfanoni da dama suna yin sakata da ƙarfe mai lamba 9310, wanda ke ɗauke da nikel da kuromiyam, shi ma yana da kyau idan an sarrafa shi daidai. Wanda za a yi shakkarsa shi ne mai sayarwar da bai faɗi irin ƙarfen ba sam.

Na biyu shi ne gashi. Kowane maƙeri ya san cewa idan aka zafafa ƙarfe aka tsoma shi cikin ruwa ko mai, yakan yi tauri, kuma idan taurin ya yi yawa sai ya zama mai saurin ɓallewa. Abin da ake so ga sakata shi ne bayanta ya yi tauri domin kada ya cinye, cikinta kuma ya kasance yana da ɗan laushi domin ya shanye bugu. Ana samun haka ta hanyar cusa sinadarin kabon cikin fatar ƙarfen da zafi. Ƙarfe mai tsada da aka gasa ba daidai ba, bai kai mai araha da aka gasa daidai ba.

Na uku shi ne lugude. Akan yi wa sakata ruwan ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ƙarfin gaske. Wannan yakan matse fatarta, tsaga kuwa tana shan wuya kafin ta buɗe a wurin da yake a matse.

Na huɗu shi ne gwaji. Akan harba harsashi na musamman mai matsi fiye da na kullum, sannan a mayar da sakatar maganaɗisu na ɗan lokaci, a zuba mata ruwa mai ɗauke da garin ƙarfe. Duk inda tsaga take, garin zai taru a bakinta, a gan shi yana ƙyalli ƙarƙashin wata fitila ta musamman. Wasu kamfanoni suna gwada kowace sakata, wasu kuwa sai su zaɓi kaɗan daga cikin tari su gwada. Bambancin kuɗin aiki tsakanin hanyoyin biyu yana da yawa.

Babu ko ɗaya daga cikin abubuwan nan huɗu da ido yake iya gani. Abin da ido yake gani shi ne shafen da aka yi wa kayan, wani baƙi, wani fari mai walƙiya, wani ma ruwan zinariya. Shafe yana taimakawa wajen hana tsatsa da sauƙaƙa wanki, amma ba ya hana tsaga girma a ƙarƙashinsa. Kaya mai araha da aka bayyana ƙarfensa da gwajinsa ya fi mai ƙyalli da ba a ce komai a kansu ba.

Tarihin wannan bindiga ya nuna tsadar ƙananan sauye-sauye. A yaƙin Biyetnam, M16 ta riƙa cijewa a hannun sojojin Amurka a fagen daga. Wani kwamitin majalisar dokokin ƙasar da ya yi bincike a 1967 ya ɗora babban laifin a kan canza irin albarushin da aka tsara bindigar da shi, wanda ya ƙara wa sakata gudu ya kuma ƙara datti, ga ƙarancin kayan wanki a hannun sojoji. Bindigogin da suka cije ba su bambanta da sauran a ido ba.

Kammalawa

Direban da zai sayi sandar sitiyari ko kusoshin taya a kasuwar kayan gyara yana fuskantar wannan tambaya ita-ita. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma kimiyya ta ƙara da cewa tsada ita kaɗai ma ba hujja ba ce. Abin tambaya shi ne da wane ƙarfe aka yi kayan, yaya aka gasa shi, kuma wa ya gwada shi.

Aiki a Aji

Malami ya yanka waya iri ɗaya gida goma, tsawo ɗaya. A ɗan karce biyar daga ciki da zarto a tsakiya, a bar biyar yadda suke. Ɗalibai su riƙa lanƙwasa kowace gaba da baya a daidai tsakiya, suna ƙirgawa har ta karye, su rubuta adadin a allo. Daga nan a amsa waɗannan tambayoyi:

1. Wane rukuni ne ya fi saurin karyewa, kuma me ya sa?
2. Shin wayoyi biyar na rukuni ɗaya sun karye a adadi ɗaya? Me wannan yake nunawa game da gwada kaɗan daga cikin tari?
3. Idan aka lanƙwasa waya sau biyar aka ajiye ta mako guda, za ta koma kamar sabuwa? A kwatanta amsar da abin da ke faruwa ga ƙashin ƙafar soja.