In marfin tankin moto yana zubar da isansi, ga yadda ake gyara shi

Wani manomi na ƙasar Madarunfa ya sayar da wakensa, ya sayi moto. Da shi yake zuwa kasuwa Maradi, da shi yake kai marar lafiya likita. Bayan shekara biyu sai rigarsa ta soma warin isansi. In ya ɗauko sukari da gari bisa tanki, su ma sai su yi wari, har maiɗakinsa ta daina karɓa. Da ya duba, sai ya ga fenti ya kwaye kewaye da marfin, kuma ƙura ta manne a wurin ta yi baƙi.

Sai ya yi abin da mutane da yawa ke yi. Ya ninka leda, ya shimfiɗa ta a bakin tanki, ya murɗa marfi a kai. Yoyo ya tsaya. Amma bai yi nisa da gari ba sai moto ya soma shaƙewa, ya mutu. Ya buga, ya buga, bai tashi ba. Ya tura shi cikin rana har wurin wani saurayi mai gyaran moto.

Saurayin bai taɓa buji ba, bai kwance komi ba. Ya buɗe marfi kawai. Sai aka ji iska ta shiga tankin, fuu. Ya zare ledar, ya jira kaɗan, ya buga sau biyu, moto ya tashi.

Ya ce, "Baba, motonka lafiyarsa lau. Hanci ka toshe mishi."

Manomi ya ce, "Ɗana, tanki ma yana da hanci?"

Ya ce, "Yana da shi, Baba. Ga shi nan cikin marfi."

Aikin marfi biyu ne

In ka kifar da marfin tanki, za ka ga wani zoben roba baƙi. Masu gyara suna ce mishi juwan. Shi ne ke zama bisa leɓen tanki, ya hana isansi fita, ya hana ruwa da ƙura shiga. Wannan aiki na farko ke nan.

Na biyu, a cikin marfin akwai wata ƴar ƙaramar kafa, wani lokaci da ƙyar ake ganinta. A yawancin motocin da ake hawa a ƙauyuka, isansi da nauyinsa yake gangarowa daga tanki zuwa karbiratar. In ya gangara, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. Ka tuna da gwangwanin madara: in ka huda shi wuri ɗaya, madara ba ta zuba sosai sai ka ƙara huda ta biyu. Haka tanki yake. Ledar manomin ta toshe wannan kafa, shi ya sa isansi ya daina sauka. Ban da haka, in leda ta yage, guntayenta kan faɗa cikin tanki su toshe robine.

Me ke ɓata juwan?

Zafi da tsufa. A watan Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce digiri 40 a Maradi da Damagaram da Tawa, kuma ƙarfen tankin da aka bari a rana ya fi haka zafi. Roba sai ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage. Hanyar jar ƙasa mai gargada kuwa tana watsa isansi sama, yana bugun marfi, ya sami tsaga ya fito.

Wani lokaci laifin ba na roba ba ne. Leɓen tanki yana iya yin tsatsa, ko ya lotsa in moto ya faɗi. Kunnuwan ƙarfe da ke riƙe marfi su ma suna saki, sai marfin ya riƙa rawa.

Akwai kuma laifin mai moto. Isansi yana kumbura in ya ji zafi. Litir 10 da aka zuba da sanyin safe, in zafinsa ya ƙaru da digiri 20, yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na litir. Wanda ya cika tanki har baki, ko juwan sabo ne, isansi zai fito ta kafar iska. A bar mishi wuri kamar faɗin yatsu biyu ƙasa da baki.

Kafin a soma aiki

Hattara da wuta. Turirin isansi ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi, ƙasa yake bi, yana rarrafe har ya isa murhu ko garwashin mai shayi, wuta ta biyo shi ta dawo ga moto. Saboda haka a fitar da moto fili, cikin inuwa, nesa da madafa da rumbu da danga. A kashe shi, a bari ya huce. Kada a sha taba. Kada a leƙa cikin tanki da ashana ko fitilar kananzir. A kori yara daga wurin.

Yadda ake gyara

Da farko a goge kewayen marfin da tsumma, don kada ƙasa ta faɗa ciki. A cire marfi, a rufe bakin tanki da tsumma mai tsabta.

A duba juwan da kyau cikin haske. A danna shi da farce. Mai lafiya yana lotsawa ya dawo. In ya yi tauri kamar ƙirgi, ko ya tsage, ko ya baje ya zama fale-fale, ya ƙare aiki. A wani marfi, ana ɓamɓare shi da bakin turnabis a hankali. A wani kuma, musamman mai makulli, sai an kwance ƴan ƙananan kusoshi. A nan a yi aiki bisa faranti ko tabarma, domin akwai waya mai tsalle da wasu ƙananan ƙarafa a ciki, in sun faɗa cikin rairayi ba a ganinsu kuma. A jera su yadda aka fitar da su.

A tafi da tsohon juwan da marfin wurin masu sayar da kayan moto, a gwada sabo a gabansu. Faɗinsa da kaurinsa su zama daidai da na tsohon. Wanda ya yi siriri zai yi yoyo. Wanda ya yi kauri zai hana marfi kulluwa.

Ga inda mutane suka fi yin kure. Sai mutum ya yanko tsohuwar robar cikin taya, ya yi zobe da ita. Ranar farko tana yin kyau. Amma ita wannan roba an yi ta don riƙe iska ne, ba ta jure isansi. Tana kumbura, ta yi laushi, ta fita daga mazauninta. Robar da ke jure isansi daban take, sunanta nitiril. Da ido ba a rarrabe su, dukansu baƙaƙe ne. Amma akwai gwaji mai sauƙi: a yanki ɗan guntu, a jefa cikin ƴar kwalba mai isansi kaɗan, a rufe, a bari ya kwana. In da safe ya kumbura ko ya yi taushi, kada a sa shi.

Wanda ke nesa da birni, in tsohon juwan bai tsage ba, yana iya juya shi, bayansa ya koma gaba. Yana iya kuma kai shi wurin baduku, ya yanka mishi zoben fata mai kauri daidai da shi, a shafa mata ɗan man moto. Wannan na wucin gadi ne, kafin ranar kasuwa. Kuma zobe ne za a yanka, mai rami a tsakiya, ba faifai ba.

Sannan a koma ga leɓen tanki. A shafa shi da yatsa. In akwai tsatsa, a cusa tsumma cikin bakin, a goge da takardar gogewa mai laushi da aka ɗiga ma ɗan mai, a share, a zaro tsumman a hankali. In leɓen ya lotsa sosai, wannan aikin mai gyara ne. Kuma kada kowa ya yarda a kai wutar walda kusa da tankin da ba a wanke ba. Tankin da ake gani babu komi ciki ya fi cikakke haɗari, domin turiri ne ya cika shi.

Kafin a mayar da marfi, a nemi kafar iska, a tsokane ta da siririyar waya, a tabbata a buɗe take. In marfin yana rawa, a ɗan lanƙwasa kunnuwansa da awartaki, kaɗan kaɗan, ana gwadawa.

Gwaji: a rufe, a goge tanki ya bushe ƙayau, a riƙe moto a jijjiga shi gaba da baya. A shafa farin tsumma kewaye da marfi. In bai jiƙe ba, a hau a yi tafiyar kilomita 5 ko 6. In moto bai shaƙe ba, kuma da aka buɗe marfi ba a ji iska ta ja ba, aiki ya yi.

Lissafin asara

Wani zai ce ɗan ɗigo ne, ba komi. To, a ɗauki alli. A ce litir ɗaya dala ɗari ne, wato 500 F. A ce moto yana zubar da rubu'in litir kowane sati. Shekara sati 52 ce. Litir 13 ke nan, kuɗinsu 6.500 F, jikka shida da rabi. Ana tace isansi a matatar Damagaram tun 2011, amma ba kyauta ake ba da shi ba. Kuma tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a 2023, na kwalba da ake shigowa da shi daga can ya daina araha.

Asarar da ta fi wannan ita ce ta damina. Inda isansi ya fita, nan ruwan sama ke shiga. Ruwa ya fi isansi nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki, ya ci ƙarfe, ya gangara cikin karbiratar. Ranar da za a kai mai naƙuda likita da dare, ranar ce moto zai ƙi tashi.

Shi manomin na Madarunfa, marfinsa ya tsage a gefe, kuma makullinsa ya saki. Saurayin ya ce mishi sabon juwan ba zai zauna a ciki ba, sai dai a sake marfin gaba ɗaya. Ya ba shi tsohon a hannu ya ce, "Ka tafi da shi, Baba, ka gwada baki da baki. Marfin wani moto yana kama da na wani, amma kunnuwansu ba ɗaya ba ne."