Tsohon Jirgi Ko Sabo? Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Sayen Jirgin Ruwa Mai Filafilai

A darasinmu na yau za mu duba jirgin ruwa mai filafilai, wato wanda iska ke turawa, irin wanda iyalai a Turai da Amurka ke saya su zauna a ciki suna yawo a teku. Duk mai shirin sayen irin wannan jirgi yakan tsaya a kan tambaya ɗaya: ya ɗauki tsoho mai araha, ko ya ƙara kuɗi ya ɗauki na zamani? Kuskure a nan ba kamar na sayen waya ba ne, domin in jirgi ya lalace a tsakiyar teku babu makaniken da za ka kira.

Bambancin ƙira

An fara ƙera waɗannan jirage da faiba a masana'anta da yawa ne a ƙarshen shekarun 1950. Pearson Triton, wanda ya fito a 1959, yana cikin na farko. Jiragen wancan zamani galibi siriri ne, masu nauyi, gangar jikinsu mai kauri. Da yawansu suna da dogon kil, wato ƙarfen nauyi na ƙasan jirgi da ke hana shi kifewa, kuma a haɗe yake da jikin jirgin. Suna tafiya a natse cikin igiyar ruwa, sai dai ba su da sauri in iska ta yi ƙasa, cikinsu a matse yake, kuma juya su da baya a tashar jirage aiki ne.

Na zamani, irin na kamfanonin Beneteau, Jeanneau da Bavaria, suna da faɗi har zuwa baya, ga ɗakuna, ga haske, ga sauri. Kil ɗinsu gajere ne, an ɗaure shi da manyan kusoshi.

Abin da tarihi ya nuna

A gasar Fastnet ta 1979 jirage 303 suka tashi daga Ingila, guguwa ta afka musu, matuƙa 15 suka rasu. A rukunin ƙananan jirage 58, ɗaya tak ya kammala: Assent, ƙirar Contessa 32. Haka kuma Kirsten Neuschäfer, 'yar Afirka ta Kudu, ta lashe gasar Golden Globe a 2023, inda ta zagaya duniya ita kaɗai da jirgi mai tsohuwar ƙira. Masu son tsoho da waɗannan suke kafa hujja.

A ɗaya ɓangaren, a watan Mayun 2014 jirgin Cheeki Rafiki ya rasa kil ɗinsa a Tekun Atilantika, mutum huɗu suka mutu. Binciken hukumar Birtaniya ya nuna akwai yiwuwar karon da jirgin ya taɓa yi da ƙasa a baya ne ya raunana wurin. Amma kar wannan ya sa ka ɗauka sabo ba ya ƙetare teku. Tun 1986 ake gudanar da tafiyar ARC duk shekara daga Las Palmas zuwa tsibiran Karebiyan, kuma jiragen zamani na masana'anta suna da yawa a cikin masu isa lafiya. Darasin shi ne, halin da jirgi yake ciki ya fi shekarar ƙera shi muhimmanci.

Na'urori da wutar lantarki

Nan ne tsoho ya fi cin kuɗi. Tsofaffin na'urori suna magana da juna ta tsarin NMEA 0183, mai jinkiri, wanda kowace na'ura mai aikawa ke buƙatar nata waya. Na yanzu suna amfani da NMEA 2000, inda GPS, ma'aunin zurfi, ma'aunin iska, allon taswira da AIS, wato na'urar da ke nuna maka jiragen da ke kusa, duk suke hawa kan layi ɗaya. Haɗa tsoho da sabo sai da na'urar fassara a tsakani.

In kana son firji, matuƙi mai sarrafa kansa ko intanet na Starlink, dole ka ƙara sola da batir. Sanya batirin litiyam a tsohon jirgi ba cirewa da sakawa ba ne kawai. Yakan buƙaci sabon caja da sababbin wayoyi. Amma ka tuna, na'ura ana iya canza ta gobe. Ƙirar jirgi ba ta canzuwa.

Abin dubawa kafin biyan kuɗi

1. Wayoyin ƙarfe masu riƙe sandan filafilai: kamfanonin inshora da yawa suna so a canza su bayan kimanin shekara 10.
2. Rufin jirgi: galibi akwai katako mara nauyi tsakanin faiba biyu. In ruwa ya shiga sai ya ruɓe, ka ji wurin yana lotsawa.
3. Ƙuraje a ƙasan jirgi: alamar ruwa ya ratsa faibar.
4. Kusoshin kil: ka tambaya ko jirgin ya taɓa karo da ƙasa.
5. Injin dizal: awa nawa ya yi, kuma ana samun kayan gyaransa?
6. A Turai, jiragen da aka sayar sababbi daga 1998 suna da alamar CE. Rukunin A shi ne na babban teku.

Ko da wane ka zaɓa, ka ɗauki ƙwararren mai bincike da kuɗinka, a fitar da jirgin daga ruwa ya duba shi. Kar ka dogara da rahoton mai sayarwa.

To wanne za ka ɗauka?

In kana iya gyara da hannunka, kana da lokaci, kuma doguwar tafiya ce a gabanka, tsohon da aka kula da shi zai yi maka. Sai dai kar ka zuba duk kuɗinka a saye; ka ware na gyara, don araha ba ta ado. In kuwa da iyali za ka riƙa yawo a bakin gaɓa, kuma ka fi son tuƙi a kan gyara, na zamani ya fi dacewa, ko da na hannu ne.

Mu haɗu a darasi na gaba.