DARASIN WATA: KOYA WA MATASA MASU LAIFI RIƘE ZUCIYA



Darasinmu na wannan wata ya shafi 'ya'yanmu waɗanda suka faɗa hannun hukuma tun ba su gama girma ba. A Unguwar Kanawa da maƙwabtanta, wato Unguwar Shanu, Badarawa da Kawo, ba baƙon labari ba ne a ji an kama yaro mai shekara 16 ko 17 saboda faɗa da makami, ƙwacen waya ko shaye-shaye. Iyaye su yi ta kai da kawowa tsakanin caji ofis da kotu. Yaron ya dawo gida, bayan 'yan watanni kuma a sake kama shi. Me ya rage a cikin horon da aka yi masa? Wannan ita ce tambayar da za mu bincika.

1. Inda ake kai su

Idan aka haye kogin Kaduna zuwa Barnawa, akwai gidan horon matasa da ake kira Bostal, wanda aka buɗe a 1962. An samo sunan daga wani ƙauye na Ingila inda aka fara irin wannan horo a 1902. Doka ta tanade shi domin masu shekara 16 zuwa 21, akwai kuma irinsa a Ilorin da Abeokuta. A ciki ana koyar da karatu da sana'o'in hannu kamar kafinta da ɗinki. A 2019 aka yi sabuwar doka wadda ta mai da hukumar gidajen yari ta zama hukumar gyaran hali. Kafin nan, Nijeriya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, Jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018. Manufar waɗannan dokoki ɗaya ce: yaron da ya yi laifi a gyara shi ya koma cikin jama'a.

Sana'a abin alheri ce. Amma saurayin da ya iya kafinta, idan maigidansa ya yi masa tsawa gaban mutane sai ya ɗaga guduma, ba zai yi wata guda a shagon ba. Hannunsa ya koyi aiki, zuciyarsa kuwa tana nan yadda take.

2. Abin da ke cikin zuciyar yaron

Likitoci sun nuna cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki ya auna ƙarshen abu kafin ya aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Saboda haka matashi yana da ƙarfin babba, amma linzaminsa na yaro ne.

Bayan wannan, da yawa cikin yaran da ake tsarewa ba su da cikakkiyar lafiyar hankali. A 2008 wasu masana ƙarƙashin Seena Fazel na Jami'ar Okasfod suka haɗa bincike 25 da aka yi a ƙasashe daban-daban kan matasa fiye da 16,000 da ke tsare. Suka tarar kimanin 1 cikin 10 na samari, da kusan 3 cikin 10 na 'yan mata, suna fama da ciwon baƙin ciki mai tsanani. Ga kuma ƙwaya. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha ƙwaya cikin shekara guda. A shekarar ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Sau da yawa yaron da muke kira taƙadari yana ɗauke da tsoro, kunya ko maraici wanda bai san sunansa ba, ya rasa yadda zai fitar da shi sai ta fushi.

3. Duka da tsoratarwa

Mutanenmu sukan ce a ba shi kashi ya dawo hanya. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutum kimanin 300, manya da yara, daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon bulala. Da yawansu danginsu ne suka kai su da fatan a gyara su. A Amurka ma an gwada kai yara masu tsaurin kai gidajen yari domin fursunoni su tsorata su. Da aka auna sakamakon, sai aka ga waɗanda aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi daga baya. Yaron da aka horar da ƙarfi yakan koyi darasi guda: mai ƙarfi shi ke da gaskiya.

4. Mene ne horon riƙe zuciya?

A 1990 masana biyu na Amurka, Peter Salovey da John Mayer, suka bayyana wata irin basira wadda ta bambanta da ta lissafi da karatu: mutum ya gane abin da ke motsi a zuciyarsa da ta ɗan'uwansa, ya fahimci dalilinsa, ya kuma iya sarrafa shi. Daniel Goleman ya yaɗa wannan koyarwa a duniya a 1995. Muhimmin abu shi ne, ana iya koyonta kamar yadda ake koyon ɗinki, ta hanyar maimaitawa. Ga matakanta:

Na ɗaya, lura da jiki. Kafin hannu ya tashi, ƙirji yakan buga, numfashi ya yi sama, haƙora su cije. Yaron ya san waɗannan alamu.

Na biyu, kiran abin da suna. Ya iya cewa, na ji kunya, ko na ji tsoro, ko an raina ni. Abin da baki ya faɗa ba lallai hannu ya faɗe shi ba.

Na uku, dakatawa. Ya ja numfashi, ya ƙirga zuwa goma, ko ya bar wurin.

Na huɗu, duba ta wajen ɗayan. Wanda ya taka ni a cikin keke napep, da gangan ya yi ko cunkoso ne? Daga nan ya zaɓi abin da zai yi.

Ku tuna da labarin Kayinu da Habila. Kafin a zub da jini, Ubangiji ya fara tambayar Kayinu game da fushinsa da ɓacin fuskarsa. An ba shi zarafin ya dakata ya duba zuciyarsa, amma bai karɓa ba.

5. Shin yana aiki?

A birnin Shikago akwai wani shiri na samari 'yan makaranta a unguwannin da tashin hankali ya yi yawa. A cikin darasinsu na farko akan ba yaro ƙwallo ya damƙe, a ce wa abokinsa ya karɓe ta cikin daƙiƙa 30. Kusan dukansu kokawa suke yi. Bayan an gama sai malamin ya tambayi mai ƙwallon abin da zai yi da an roƙe shi, yawanci yakan ce da ya bayar. Gwajin da aka yi tsakanin 2009 da 2015 ya nuna kamun da 'yan sanda ke yi wa waɗannan samari saboda tashin hankali ya ragu da kusan rabi a lokacin da suke cikin shirin.

A nan Afirka ta Yamma, a Monrobiya ta Laberiya, an gwada da maza 999 masu shekara 18 zuwa 35, 'yan zaman titi da tsofaffin mayaƙa. Wasu aka ba su horo na mako 8, wasu dala 200, wasu duka biyun. Amfanin kuɗi kaɗai ya gushe cikin shekara guda. Waɗanda suka sami horo tare da jari kuwa, bayan shekara 10 sata da fashi a cikinsu sun ragu da kusan rabi. Darasin a fili yake: horon zuciya da abin yi tare suke tafiya.

Sai dai mu kiyaye. Yaron da ke jin muryoyi, ko yake maganar kashe kansa, ko ƙwaya ta kama jikinsa, likita yake bukata. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan a Barnawa. Kai yaro can ba abin kunya ba ne.

6. Aikin Ikilisiya

Waliyi Yohanna Bosko ya fara ziyartar gidajen yari na Turin a 1841. Abin da ya gani ya sa ya gane cewa yaran suna komawa ciki ne domin ba wanda ke jiransu a waje. Ya kafa tarbiyyarsa kan hankali, addini da ƙauna, ya kuma hana duka. A 2013 marigayi Paparoma Fransis ya wanke ƙafafun matasa 12 a gidan tsare yara na Roma ranar Alhamis Mai Tsarki. Mu ma ga abin da za mu iya:

Iyaye su daina zagin yaro da sunan laifinsa, su kuma fara riƙe tasu zuciyar, gama a gida ake koyon fushi.

Katikis da shugabannin matasa su saka matakan nan huɗu cikin taronsu, ta hanyar wasan kwaikwayo.

Zumuntar Mata da sauran ƙungiyoyi su nemi izinin hukuma su riƙa ziyartar yaran da ke tsare.

Masu shago su karɓi yaro guda wanda ya dawo, su yi haƙuri da shi.

Mu haɗa kai da mai unguwa da limaman maƙwabtanmu Musulmi, domin ɗa na kowa ne, wuƙa kuma ba ta tambayar addini.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace alama jikinka yake ba ka kafin fushi ya ci ƙarfinka?
2. Yaya muke karɓar yaron da ya dawo daga hannun hukuma?
3. Wa zai ɗauki nauyin yaro guda cikinmu a wannan shekara?

Addu'a

Ya Uba mai jinƙai, ka dubi 'ya'yanmu da ke tsare da waɗanda suka dawo gida. Ka sanyaya zukatansu, ka ba masu kula da su haƙuri, ka kuma buɗe musu ƙofofinmu. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.