Darasin Manoma: Kifin Tafki da Kifin Teku

Ƙungiyoyinmu da yawa sun haƙa tafkin kiwon kifi, waɗansu kuma suna shirin haƙawa. Kukan da muke ji ko'ina ɗaya ne, watau tsadar abincin kifi. Sau da yawa kuɗin abinci yakan wuce rabin dukan abin da mai kiwo ya kashe. Dalilan tsadar suna da yawa, har da faɗuwar darajar kuɗi da tsadar masara da waken soya. Amma akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba. A cikin buhun abincin nan akwai garin kifi, garin kuwa yawanci daga teku yake fitowa. A wannan darasi za mu duba abin da masu binciken teku suka gano, mu ga yadda ya shafi tafkinmu.

1. Yadda teku yake ciyar da kifinsa

A saman ruwan teku akwai tsire-tsire ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya iya gani ɗaya ɗaya. Dangin gansakuka ne, irin wadda take sa ruwan kududdufi ya yi kore. Ƙananan ƙwarin ruwa suna cin su. Ƙananan kifaye suna cin tsire-tsiren da ƙwarin. Manyan kifaye da tsuntsayen teku kuma suna cin ƙananan kifayen.

Masana sun auna sun ga cewa a kowane mataki, wajen kashi ɗaya cikin goma ne kaɗai na abincin yake wucewa zuwa mataki na gaba. Sauran yakan ƙare a wajen iyo da numfashi da kashi. Manomi ya san wannan, gama buhun dawa da aka ba akuya ba ya zama buhun nama. Saboda haka kifi mai cin kifi yana da tsadar ciyarwa fiye da kifi mai cin tsiro.

Mu lura kuma, ba dukan teku ne yake da albarka ba. Yawancinsa kamar jigawa yake. Wurare kaɗan ne suke kamar fadama, inda iska take tura ruwan sama gefe, ruwa mai sanyi mai taki ya taso daga ƙasa. Biyu daga cikin waɗannan wurare su ne gaɓar ƙasar Peru a Amurka ta Kudu, da gaɓar Mauritaniya da Senegal a nan Afirka ta Yamma.

2. Abin da ya faru a Peru

A gaɓar Peru akwai wani ɗan kifi mai suna ancobeta, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. A shekara ta 1970 jiragen ruwa sun kama fiye da tan miliyan 12 na wannan kifi. Kusan duka aka niƙa su gari, aka sayar wa ƙasashen Turai da Amurka don kiwon kaji da aladu.

Masana sun gargaɗi masu jiragen cewa kamun ya yi yawa. A 1972 sai ruwan ɗumi ya rufe gaɓar, abin da ake kira Elninyo, wanda yakan zo bayan 'yan shekaru. Ruwa mai taki ya daina tasowa, abincin kifin ya ragu. Da ma an riga an kwashe iyayen kifin, sai abin ya haɗu biyu. A 1973 abin da aka kama bai kai tan miliyan 2 ba. Masunta da ma'aikata da yawa suka rasa aiki. Tsuntsayen teku, waɗanda ake tara kashinsu a sayar don takin gona, suka ragu ƙwarai. Farashin garin kifi da na waken soya ya tashi a duniya duka. An yi shekaru da yawa kafin kifin ya farfaɗo.

Yanzu gwamnatin Peru takan sa masana su auna yawan kifin kafin a buɗe kamu. A 2023 Elninyo ya komo, aka ga yawancin kifin ƙanana ne, sai aka soke kamun farko na shekarar. Wannan hikima ce irin ta manomi wanda ba ya cin irin shukarsa. Amma garin kifi da man kifi suka sāke yin tsada, masu kiwo a ƙasashe masu nisa suka ji a aljihunsu.

3. Ko kiwon kifi yana hutar da teku?

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana lissafin kifin duniya. Ta ce a 1974, kashi 10 cikin 100 ne na garkunan kifin teku ake kamawa fiye da yadda suke haihuwa. A 2021 abin ya kai kusan kashi 38. Ta kuma ce a 2022, karo na farko, kifi da sauran dabbobin ruwa da aka yi kiwo sun fi waɗanda aka kamo yawa: tan miliyan 94 na kiwo, tan miliyan 91 na kamu.

Mutum zai ce, to, ai teku ya huta ke nan. Amma a shekara ta 2000 wata masaniya mai suna Rosamond Naylor ta Jami'ar Stanford a Amurka, tare da abokan aikinta, suka nuna cewa ba lalle ba ne. Sun duba irin kifaye goma da ake ciyarwa da abincin buhu. Suka tarar ana niƙa kusan kilo 2 na kifin teku kafin a sami kilo 1 na kifin kiwo. Ga kifin salmon, wanda ake kiwo a Norwe, wajen kilo 3 ne. Dalili kuwa, sai an sami ɗanyen kifi kilo 4 zuwa 5 kafin a yi kilo 1 na gari.

A 2021 suka sāke dubawa, suka ga an sami ci gaba. Masu haɗa abinci sun rage garin kifi, sun ƙara waken soya da ragowar kifin da aka gyara don sayarwa. Lissafin ya sauko zuwa ƙasa da sulusin kilo. Ga abin koyo a nan: irin kifin da muka zaɓa, da abin da muke ba shi, su ne suke sa kiwo ya ƙara abinci a duniya ko ya rage shi.

4. Maƙwabtanmu na bakin teku

A Senegal da Gambiya, ɗan kifin nan sadinela, dangin sadin, shi ne naman talaka. Mata suna banda shi, suna shanya shi, ana kai shi har ƙasashen da ba su da teku. Amma an gina masana'antun garin kifi a gaɓar, yawancinsu a Nuwadibu ta Mauritaniya. Wani rahoto na ƙungiyar Greenpeace da abokan aikinta a 2021 ya ce kowace shekara ana niƙa fiye da rabin tan miliyan na ƙananan kifayen yankin, a kai Turai da Asiya. Ya ce wannan kifi ya isa ya ciyar da mutum miliyan 33. Masana sun daɗe suna cewa ana kama sadinela fiye da kima. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna cin kifin ƙanƙara da ake kawowa daga teku, muna kuma sayen garin.

5. Abin da za mu yi a tafkinmu

(a) Mu ba karfasa wuri. Ita mai cin gansakuka da ganye da dusa ce. Tarwaɗa tana da kasuwa, amma tana bukatar abinci mai gina jiki da yawa. Ana iya sa tarwaɗa kaɗan a tafkin karfasa, domin su rage 'ya'yan karfasa in sun yi yawa.

(b) Mu yi wa ruwa taki. A zuba kashin kaji ko na shanu a buhu, a ɗaure, a rataye a kusurwar tafki har ruwan ya yi kore. A gwada da hannu: a nutsa shi har gwiwar hannu. In ana ganin tafin hannu sarai, a ƙara taki. In ya ɓace tun kafin a kai gwiwa, a cire buhun. In kifi suna tasowa sama da asuba suna haki, taki ya yi yawa, a ƙara sabon ruwa.

(c) Mu yi amfani da abin da ke gonarmu: dusar shinkafa, dusar masara, tunkuzar gyaɗa, gara, da tsutsa. Waken soya kuwa sai an soya shi ko an dafa, gama ɗanyensa yana hana kifi girma.

(d) Kada mu yi ɓarna. A ba su abinci a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 15. Abin da ya nutse ya ruɓe hasara ce, yana kuma ɓata ruwa.

(e) Mu rubuta. Magatakardan ƙungiya ya riƙa rubuta nauyin abincin da aka bayar da nauyin kifin da aka kwashe. In an kashe kilo 2 na abincin buhu a kan kilo 1 na tarwaɗa, akwai ɓarna a wani wuri, sai a bincika.

(f) Mu kiyaye kogunanmu da madatsun ruwa. Abin da ya sami Peru yana iya samun kowane ruwa. Kada mu yi su da gidan sauro ko koma mai ƙananan idanu, kada mu zuba magani ko guba a ruwa, mu kuma bar kifi su yi ƙwai da damina. Ruwan nan amana ce a hannunmu domin 'ya'yanmu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa kifi mai cin tsiro ya fi sauƙin ciyarwa?
2. Waɗanne abubuwa biyu ne suka haɗu a Peru a 1972?
3. Wane irin kifi ne tsofaffinmu suka sani a koginmu wanda ya yi wuyar gani yanzu? Me ya kawo haka?
4. Wane abincin kifi ne ƙungiyarmu za ta iya haɗawa da kanta a wannan kaka, wa zai ɗauki nauyin gwadawa?